LIKITA MILA NA ZARIYA: ƊAN ADAM TARA YAKE

Ɗalibin da ya buɗe wannan shafi a Kankiya ko Kusada, yana bin haruffan boko da ido ba tare da ya tsaya haɗa baƙi ba, da wuya ya taɓa tambayar kansa yadda aka yi Hausa ta koma ana rubuta ta da waɗannan haruffa, alhali kuwa kakanninsa da ajami suka san ta. Haka kuma wanda ya ratsa ƙauyukan Hausawa Kirista na Jihar Katsina ranar Lahadi, tun daga Ƙafur da Malumfashi har zuwa Matazu maƙwabciyar Kankiya, ya ji ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba lalle ne ya san wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen juya littafin nan zuwa harshenmu ba. In aka bi sawun abubuwan nan biyu, za a tarar sun haɗu a ƙofar gidan wani Bature da ya zauna cikin birnin Zariya shekara ashirin da huɗu. Sunansa na ainihi Walter Miller, amma Zagezagi sun fi saninsa da Likita Mila.

Ba a taɓa yin baki ɗaya a kan mutumin nan ba. Mutanen Wusasa sun ɗauke shi uba. A fadar Zazzau an daɗe ana tunawa da shi a kan baƙo mai shisshigi cikin sha'anin sarauta. Turawan mulki sun ɗauke shi ƙaya a ƙafa, abokan aikinsa na Mishan kuma sun san shi da taurin kai. Kowannensu yana da hujjarsa. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a duba shi ne, kusan duk abin da ya nema da ƙarfi da gaggawa ya kuɓuce masa, abin da ya wanzu a bayansa kuwa ya tsiro ne daga wuraren da ya sha kaye. Mabiya addinin Kirista suna kiran irin wannan al'amari alherin Allah, wato aikin da Allah ke yi ta hannun bawa mai aibi.

ASALINSA DA KOYON HAUSA

An haifi Walter Miller a cikin shekarar 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton, a lardin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew na birnin Landan. Da ya gama, maimakon ya zauna a ƙasarsu ya ci moriyar karatunsa, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar Mishan ta Cocin Ingila wadda aka fi sani da C.M.S.

Ita kanta ƙungiyar tana da tarihin da ya shafi zancen tuba. An kafa ta a Landan a 1799, kuma cikin dattawan da suka aza tubalinta akwai wani limamin Kirista mai suna John Newton, wanda a ƙuruciyarsa kyaftin ne na jirgin ruwan fataucin bayi, yana lodin 'yan Afirka daga gaɓar Saliyo yana kai su ƙetaren teku. Ya bar sana'ar a 1754, amma sai a 1788 ya fito fili ya buga takarda yana bayyana muguntar da ya gani da wadda ya aikata da hannunsa, yana neman a hana cinikin. Wato sai da ya shekara talatin da huɗu kafin nadamar zuci ta zama magana a bainar jama'a. Ke nan tun daga tushe ƙungiyar ta san cewa ba mala'iku take aikawa ba.

A zamanin nan ƙasar Hausa ba ta buɗe wa Turawa daga wajen teku ba, amma akwai Hausawa da dama a Turabulus, bakin Bahar Rum, fatake da alhazai da bayin da suka sami 'yanci, waɗanda ayarin raƙuma ya kai ta hanyar Azbin da Gat da Gadamas. Can aka tura Mila da abokansa su koyi harshe, shekarar 1899 kuwa a can ta same shi. A nan ya gamu da wani yaro ɗan ƙasar Katsina mai suna Abdulmajid Tafida, wanda ya fito aikin Hajji tare da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya. Mila ya taimaki yaron ya ci gaba zuwa Makka, daga baya suka sake haɗuwa, ya zama ɗan riƙonsa kuma malaminsa na Hausa. Saboda haka ana iya cewa daga bakin Bakatsine Likita ya fara jin zaƙin harshen da zai yi wa hidima har ƙarshen ransa.

TAFIYAR KANO

A farkon shekarar 1900, daidai lokacin da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, wani ayari na Turawan Mishan su biyar ya tashi daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, Mila yana cikinsu. Suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara a Jebba, suka iso Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Da sun yi haƙuri sun tsaya nan, watakila da labarin ya sake. Amma idonsu na kan Kano, birnin da suka daɗe suna jin labarin kasuwarsa da ganuwarsa. Suka wuce ba da yardar Lugga ba, ba kuma tare da sun aika wa Sarkin Musulmi Abdurrahman a Sakkwato ba.

Cikin watan Afrilu suka shiga Kano. Sarki Aliyu Babba ya gan su a fada, ya saurari abin da ke tafe da su na makaranta da magani, ya nuna musu ba ya bukata, ya kuma tuna musu cewa baƙo ba ya sauka a ƙasar nan sai da izinin Sakkwato. Ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su tattara nasu ya nasu su fita. Suka juyo da baya zuwa Girku, kudu da Zariya, inda akwai sansanin sojan Turawa. A can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya mutu, wani kuma aka mai da shi gida ba lafiya. Daga bisani ragowar suka janye har zuwa Loko, bakin kogin Binuwai.

Hasarar ba ta tsaya ga rai da lafiya ba. Labarin korar ya bazu a jaridun Ingila, ran Lugga ya ɓaci, hukumomin Landan kuma suka ɗauki darasi cewa 'yan Mishan na iya jawo musu rikicin da ba su shirya masa ba. Da aka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa Gwamnati ba za ta sa baki cikin addininsu ba, magadansa kuwa suka fassara alkawarin da hana Mishan shiga garuruwan Musulmi. Ta haka garajen mako guda ya taimaka wajen rufe ƙofar da suka zo buɗewa har na tsawon shekara talatin da 'yan kai. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

ZAMAN BIRNIN ZARIYA

Abokan tafiya suka watse, amma Mila bai karaya ba. Ya koma Girku, ya yi ta naci har a 1905 ya sami izinin shiga birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya kafa gida a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya tara yara marayu da waɗanda aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi, ya riƙe su tamkar 'ya'yansa. Bai taɓa yin aure ba, yaran nan su ne iyalinsa, har wasunsu suka ɗauki sunansa.

A nan ya kamata a faɗi aibinsa ba tare da rufa-rufa ba. Mila ya ga harin bayi da idonsa, ya ga ƙauyukan da aka mayar kufai, abin ya ƙona masa rai, kuma a kan wannan yana da gaskiya. Amma fushin nan ya kai shi ga yi wa sarakunan Fulani kuɗin goro, ya rubuta kalmomi masu kaushi a kansu da kuma a kan addinin Musulunci, ya goyi bayan yaƙin da Turawa suka yi da su, yana ganin bindigar Ingila ita ce za ta share wa wa'azinsa hanya. Mutumin da ya zo da saƙon tawali'u ya jingina da ƙarfin mai mulki. Wannan ya sa malamai da talakawan birni, ko da suna shan maganinsa suna kuma mamakin Hausarsa, ba su saki jiki da shi ba.

Hausar tasa kuwa ba ta da na biyu a cikin Turawan zamaninsa. Tun a 1901 ya buga ɗan littafin nahawun Hausa wanda jami'an mulki suka yi ta koyo da shi. Da gardama ta tashi a kan haruffan da Gwamnati za ta riƙa rubuta Hausa da su, wasu manyan Turawa, irin su Burdon Razdan na Sakkwato, sun fi son a bar ajami, tun da shi jama'a suka sani. Mila yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai boko, Lugga kuma ya bi wannan ra'ayi. Dalilan Mila ba na karatu kaɗai ba ne, yana so ne ya raba masu koyo da haruffan da ke ɗaure su da Larabci. Amma ga yadda al'amari ya juya: da haruffan nan ne aka buga littattafan Abubakar Imam, da su aka buga jaridun Hausa, da su kuma malaman Musulunci suka wallafa littattafan fiƙihu da fassarar Alƙur'ani da Hausa, har suka kai hannun dubban mutanen da ba su yi nisa a Larabci ba.

Babban burinsa shi ne makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai. Lugga ya so shirin, amma ya bar Arewa a 1906. Ajin malamai da aka buɗe a Zariya a 1907 bai yi ƙarko ba, domin iyaye da sarakuna sun gane cewa Likita ba zai raba karatu da wa'azi ba. Gwamna Girouard ya ɗauke aikin ya danƙa wa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma da farko ɗan C.M.S. ne kafin ya koma aikin Gwamnati. Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, daga baya kuma aka kafa Kwalejin Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. 'Ya'yan sarakunan da Mila ya yi mafarkin koyarwa can suka tafi. Shi aka bar shi da marayu.

ISAWA DA ANNOBAR GIMI

A cikin 1913 wasu baƙi suka yi sallama a gidansa da wani labari mai ban mamaki. Su almajiran almajiran wani malami ne na Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya zurfafa bincike a kan matsayin Annabi Isa, ya tara mabiya, har hukuma ta ga koyarwarsa ta saɓa, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau, suna riƙe da abin da ya bar musu. Mila bai san da su ba, bai neme su ba, ba wa'azinsa ne ya taso su ba. Da ƙafarsu suka zo.

Ga mutumin da ya shekara goma sha uku yana shuka a kan dutse, wannan ya zama kamar ruwan farko bayan dogon rani. Aka nemi fili a Gimi, arewa maso gabas da Zariya, aka tara Isawan da suka karɓi addinin Kirista wuri guda, aka kafa ƙauye da coci da makaranta, aka sa wani limami baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, ya zauna da su. Gonaki suka yi kyau, yara suka fara karatu.

Ashe ƙoramun wurin cike suke da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya yi ta ɗibar manya da yara, magungunan zamanin kuwa ba su iya tsayar da shi ba. Irin cutar nan ce ta sa daga baya Gwamnati ta yi babban aikin sake tsugunar da jama'ar Anchau, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Amma kafin nan Gimi ta riga ta tashi. Likita yana ji yana gani mutanen da suka amince masa, suka bar garuruwansu saboda kiransa, suka ƙare a wurin da aka tara su don a tsare su. Ba ƙaramin nauyi ba ne wannan a wuyan mai riƙe da takardar shaidar likita.

Waɗanda suka tsira, galibinsu yara, aka kwaso su zuwa Zariya aka sa su makaranta. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya zama likitan Sardauna, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983.

RIGIMA DA FADA

Zaman Mila da Sarki Aliyu ɗan Sidi ya fara da girmama juna, ya ƙare da gaba. Gidan Likita ya zama mafakar duk wanda ke da kuka a kan fada ko alƙali ko hakimi. Shi kuwa ba ya jin kuka ya yi shiru, sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Razdan, in Razdan ya yi sanyi ya rubuta wa Gwamna. A wajen Sarki, wannan fada ce ta biyu a cikin birninsa, a hannun baƙon da shi ya ba shi masauki. A wajen Mila kuwa, tsayawa ce ga talakan da ba shi da mai tsaya masa. Rahotanninsa na cikin abubuwan da suka sa aka binciki Sarki a kan zargin cinikin bayi a ɓoye da danne haƙƙin talakawa, har wajen 1920 aka tuɓe shi aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924.

Sarki Aliyu ba ƙaramin mutum ba ne. Malami ne, kuma yana cikin manyan mawaƙan Hausa na ƙarninsa, mai waƙar Tabarƙoƙo. Abin lura kuma, sarakuna ukun da Mila ya yi hulɗa da su, Kwasau da ya karɓe shi, da Aliyu Babba da ya kore shi, da Aliyu ɗan Sidi da ya ba shi gida, dukkansu a Lakwaja suka ƙare kwanakinsu a hannun Turawan da ya yi wa maraba.

Nasarar ba ta yi masa rana ba. Daga ranar nan kowane sarki a Arewa ya ga abin da zaman ɗan Mishan cikin birni ke iya jawowa, Turawan mulki kuma suka ƙudura sai sun fitar da shi bayan ganuwa. Wata 'yar takarda mai zafi da 'yar'uwarsa Ethel Miller ta buga a kan Musulunci ta ƙara hura wutar. Ana cikin haka sai ga samari sababbin jini daga Jami'ar Cambridge, a ƙarƙashin Guy Bullen, waɗanda suka ga cewa zama lafiya da fada ya fi riƙe fili cikin birni. Mila ya ƙi, amma aka rinjaye shi. A 1929 Mishan ta tashi daga Durumin Maigarke ta koma gindin dutsen Wusasa. Magina na Zariya suka gina coci da ƙasa, da bakan gizo irin na sorayen Hausa, aka sa masa sunan St. Bartholomew, sunan da asibitin da Likita ya yi karatu ke ɗauke da shi. Shi kuwa bai zauna ya shugabanci sabon wurin ba. Ya tattara takardunsa ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce.

LITTAFIN DA YA BARI

Rabuwar nan da ya ɗauka kaye ce, ita ta ba shi sararin gama aikin da ya fi kowanne daɗewa. Ba shi ya fara fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa ba. Tun cikin ƙarni na goma sha tara wani Bajamushe, J. F. Schön, ya yi ƙoƙarin haka da taimakon Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai, amma Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, Hausarsa kuma ba ta zauna a kunnen masu harshen ba. Mila ya ɗauki aikin tun daga tushe, yana zama da malamai Hausawa da yaran gidansa suna auna kalma da kalma, yana kuma shawara da 'yan sauran ƙungiyoyin Mishan. Sabon Alkawari ya fita a 1925, cikakken littafin kuma aka buga shi a Landan a 1932. Shi aka yi ta karantawa kusan shekara hamsin kafin a fitar da sabuwar fassara wajen 1980.

A nan ma abin bai tafi yadda ya tsara ba. Domin malaman birane ya yi littafin, amma waɗanda suka rungume shi su ne ƙabilun Filato da kudancin Zariya da Adamawa da Bauchi, waɗanda Hausa ba harshen iyayensu ba ce. Ƙungiyoyin S.I.M. da S.U.M. suka mai da shi littafin coci da na makaranta, har Hausa ta zama harshen ibada na miliyoyin Kirista, ta kuma zama igiyar da ta haɗa ƙabilun da da ba sa jin maganar juna. Ya haye iyaka zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi. Da aka sassauta dokar hana Mishan wajen 1937, aka ba S.I.M. kula da zangon kutare na Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, littafin ya bi ta nan ya isa ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Katsina da Kano.

Kalmomin da littafin ya ɗauki saƙonsa da su na gida ne: Allah, zunubi, tuba, gafara. Babbar kalmar tauhidin Kirista, wato kyautar da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba, da alheri aka fassara ta, kalmar da kowane Bahaushe ya sani tun yana goye, wadda ya ce danƙo ce, ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Makarantar marayun nan ma ta yi 'ya'ya. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, kuma 'yan'uwansa ma'aikata, galibinsu Musulmi, suka zaɓe shi shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko a 1949. Daga nan aka sami John Tafida, wanda tare da Dokta East suka rubuta Jiki Magayi. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi ya fara karatu, ko da yake a lokacin Likita ya riga ya bar Zariya.

ƘARSHEN KWANA

A 1935 Mila ya ajiye aiki da C.M.S. ya koma Ingila, ya rubuta littafin tunane-tunanensa. Amma zama bai yiwu masa a can ba. A 1939 ya dawo Nijeriya a kan kansa, yana da shekara sittin da bakwai, ba ƙungiyar da ta aiko shi, ba muƙami, ba gidan da yake shugabanta. Ya zauna yana koyarwa yana rubutu. A 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, wato ko Turawa sun kasa a Nijeriya, kuma da lamirin "mu" ya yi tambayar, bai ware kansa ba. Mutumin da a 1903 ya ga cin ƙasar nan da yaƙi shi ne mafita, ya ƙare yana tuhumar mulkin da yaƙin ya kafa a kan barin talaka cikin jahilci da zalunci. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952, yana da shekara tamanin. Bayan rasuwarsa Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa.

A koyarwar addinin Kirista, tuba juyowa ce, mutum ya bar hanyar da ya ɗauka ya fuskanci wata, kuma ba a gama ta a rana ɗaya. Littafin da Mila ya fassara cike yake da misalan haka. Akwai Bitrus, wanda ya yi musun sanin Ubangidansa har sau uku a daren da aka kama shi, ya fita ya yi kuka, daga baya kuma shi aka danƙa wa kiwon jama'a. Akwai Bulus, wanda ya fara da farautar masu bi, ya ƙare yana kwatanta kansa da abokan aikinsa da tukwanen ƙasa da aka zuba wa dukiya, don kada wani ya zaci darajar daga tukunyar take. Abin da ke cikin zuciyar bawa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Abin da tarihi ke iya aunawa shi ne sawu, sawun Likita Mila kuwa ya nuna mutumin da ya shigo da gadara, aka yi ta sauke shi mataki mataki, har ya koma ɗan koyarwa a cikin mutanen da ya zo gyarawa, ya kuma zaɓi ya mutu a ƙasarsu.

Wannan bai share abin da ya faru ba. Kaburburan Gimi suna nan, Sarki Aliyu bai sake ganin Zariya ba, kalmomin da aka rubuta da fushi kuma sun bar tabon da ya daɗe tsakanin Musulmi da Kirista a Arewa. Mai riƙe da muƙami, da ɗalibin da ke shirin riƙewa, suna da abin ɗauka a nan: samun gaskiya a kan magana ɗaya ba ya ba mutum izinin raina waɗanda yake zaune a cikinsu, kuma aikin da aka yi wa na ƙasa da haƙuri ya fi wanda aka nema ta hannun masu ƙarfi daɗewa. Cocin ƙasa na Wusasa yana nan tsaye har yau, ya doshi shekara ɗari. Kowane magini ya san sirrin irin wannan gini: ba don ba ya tsagewa ba ne yake daɗewa, sai don ana komawa kansa da yaɓe kafin kowace damina.